Hotunan da Evelio Ya Wanke da Gahawa

Mijin yayata, Evelio, shi ne mai hoton garinmu tun ina budurwa. Babu gidan da za ka shiga a San Benicio ba ka ga aikinsa a bango ba: baftismar jarirai, bikin cikar yarinya shekara sha biyar, aure, har gawa in dangin mamacin suna nesa. Gajere ne mai sanƙo, faratansa kullum a rine da magani, ga son a yaba masa. Ni kuwa, Migdalia, tun da maigidana ya rasu na kwaso keken ɗinkina na dawo wurinsu. Ɗakina yana jikin ɗakin duhun da yake wanke hoto, katako ne kawai tsakaninmu, saboda haka abin da zan faɗa ba ji na yi a bakin wani ba.

Da jiragen ruwan Rasha masu kawo wa ƙasarmu kaya suka daina zuwa, komai ya ɗauke. Sabulu, man girki, wutar lantarki, har zaren ɗinkina. Evelio yana da takardar hoto akwati-akwati da ya tara tun ana yalwa, da galan guda na maganin tsayarwa, wanda ke kama hoto ya hana haske cinye shi. Amma maganin fitarwa, wanda ke sa hoton ya bayyana tun farko, ya ƙare ƙarƙaf. Sai ya rufe shago ya koma buga wasan domino a ƙofar mai aski.

Ana cikin haka 'yarsu ɗaya tilo, Yamilé, ta samu hanyar fita ƙasar waje ta wajen dangin mijinta. A shekarar da samari ke ɗaure tif ɗin mota da katako suna faɗawa teku don su tsere daga ƙasar, ita jirgin sama ta hau da 'yarta ƙarama. Ranar sallama Evelio ya ƙarar da fim guda a kansu: a tsakar gida, a gindin mangwaro, jikar tana riƙe da kunnen kakarta. Bayan sun tafi ya jefa fim ɗin cikin gwangwanin shinkafa saboda danshi, ya zauna a nan wata da watanni.

Yayata Nereida ba ta bar shi ya sha ruwa ba.

"Tsoho, ka ɗauki duk garin nan, karnukan mutane ma ka ɗauka, amma jikarka tana cikin gwangwani kamar ƙwaron shinkafa."

"Da yawu zan wanke shi? In kina da maganin a ƙarƙashin gado, fito da shi."

"Shekara nawa kana cika mana baki kai gwani ne?"

"Gwanin ma sai da kayan aiki. Tambayi ƙanwarki ko tana ɗinki ba zare."

"Ni dai kar ku sa ni a ciki," na ce musu. "Ni warware tsohon buhu nake in samu zare. Kai me ka warware?"

A wurin domino ne wani malamin kimiyya na makarantar sakandare, Bárbaro, ya jefa masa maganar. Ya ce akwai wani abu a cikin gahawa da ke baƙanta azurfar jikin fim, in aka haɗa ta da sodar wanki. Ya ce ƙwayar bitamin ma tana taimakawa. 'Yan wasa suka yi ta dariya, mai aski ya ce a ƙara sukari da madara hoton ya fito da ƙiba. Evelio bai yi dariya ba. Ya dawo gida da wuri, ya tsaya a kicin yana kallon tukunya.

Duwatsun da suka kewaye mu kaf gonakin gahawa ne, amma gahawar ba tamu ba ce. Ana auna ta a kai rumbun hukuma. Wadda ake ba mu a kantin rabon abinci na gwamnati ɗan ƙulli ne da rabinsa gasasshen wake, mai toshe tukunya har ta yi bindiga. Da ita ya fara gwadawa. Ya ɗauki zakaran gida hoto ya yanki guntun fim ya tsoma. Abin da ya fito fes yake kamar gilashi, ko gashin zakara babu.

Nereida tana da wata gahawa tsantsa da wanmu ya sato mata daga gonarsa, ta ɓoye a bayan gunkin Maryamu. Ranar Lahadi kaɗai take taɓa ta, cokali guda, mu sha a ƙananan finjali muna lumshe ido. Wata Lahadi ta ɗauko gwangwanin ta ji shi sakayau.

Ban taɓa jin muryarta haka ba.

"Evelio! Fito! Fito ka gaya mini ɓeran da ya iya buɗe murfi!"

Ya leƙo daga ɗakin duhu, wani wari ya biyo shi, kamar an dafa ruɓaɓɓen kifi da ƙonannen wake.

"Tsohuwa, saurara ki ji..."

"Abu ɗaya ya rage mini a duniyar nan. 'Yata ta tafi, haƙorana suna tafiya, abu ɗaya! Ka ɗauka ka yi wa zakara wanka da shi?"

Ya ɗaga wani guntun fim mai ɗigar ruwa ya kara shi da hasken taga. Muka matsa. Ga zakaran nan, zankonsa da jelarsa, har da igiyar shanya a bayansa. Nereida ta daɗe tana kallo. Sannan ta ajiye gwangwanin a hannunsa.

"Ƙarasa ta. Amma in ka ɓata mini fim ɗin Yamilé, ka nemi wani gidan."

Bai ɓata ba. Ya ƙara gwaji a kan zakara har ya gane yawan soda da tsawon jiƙo, sannan ya wanke na Yamilé. Takardar ma a cikin gahawar ya tsoma ta. Hotunan suka fito ruwan ƙasa-ƙasa, kamar an yi su tun zamanin kakanninmu, amma kowace fuska ta fito sarai. Nereida ta jera su a bangon falo. Ranar ta yi kuka, ta yi dariya, ta yanka zakaran ta dafa masa da shinkafa, ta ce ya gama aikinsa.

Labari a San Benicio ba ya kwana. Ashe gidaje da yawa suna da irin wannan fim a ajiye, a cikin aljihun tebur ko a cikin kyamarar Rasha da aka rataye. Duk wanda zai faɗa teku sai an ɗauke shi hoto kafin ya tafi, kuma babu wurin wankewa. Mutane suka fara sallama. Sharaɗin Evelio ɗaya ne: kowa ya zo da gahawarsa, tsantsa. Bai tambayi inda za su samo ba, su ma ba su faɗa ba. Masu tsinka a gona suna zuba 'yan ƙwayoyi a takalmi, mata suna soyawa a bayan gida da ƙofa a rufe don kar ƙanshi ya tona musu asiri.

Evelio ya zama wani mutum daban. Ya koma aske gemu kullum, yana fito yana shanya fim a igiyar wanki. In an maido wuta sai ya bar abinci a faranti ya ruga wurin na'urar buga hoto. Mai aski da ya yi masa dariya ya zo da kansa da fim ɗin ƙaninsa.

"To, malamin gahawa, da sukari ko babu?"

"Naka da gishiri zan yi, ya dace da bakinka."

Na taɓa ce masa, "Mijin yaya, yanzu kai ne limamin garin nan. Kowa wurinka yake kawo wanda ya rasa."

Ya ji daɗin maganar har ya maimaita ta a wurin domino kamar shi ya ƙirƙiro.

Galan ɗin maganin tsayarwa kuwa yana ta ƙasa. Gahawa tana fito da hoto, amma ba ta riƙe shi. Evelio ya fara mayar da wanda ya yi aiki da shi cikin kwalba, ya sake amfani da shi, ya sake. Daga baya ya ƙara masa ruwa. Ina ji ta jikin katako yana tsoma guntun fim yana jiran ya washe, yana tsaki. Da can kafin ka gama ɗaure takalmi ya washe. Yanzu sai a dafa shinkafa a sauke yana nan da hazo-hazo. Bárbaro ya ce ya gwada ruwan gishiri mai kauri, ya bar fim ya kwana a ciki. Ya gwada, ya ce da dama-dama.

Nereida ma ta gane.

"Ka ce su dakata mana, har a samu na gaske."

"Har yaushe? Zafin garin nan da danshi suna cin fim ɗin a cikin aljihun tebur. In na jira, babu abin da za a wanke."

"To ka gaya musu gaskiya, kowa ya zaɓa."

"In gaya musu me? Zai riƙe. Ni na san aikina."

A wannan tsakanin Ofelia ta zo. Mace ce doguwa marar yawan magana, tana aikin tsince gahawa a rumbun hukuma. Ɗanta Reinier, wanda ta yi renonsa ita kaɗai, ya faɗa teku da abokansa a kan tif da ƙyauren ɗaki. Sauran samarin da suka faɗa teku an ji labarinsu, wasu sun isa, wasu an tsare su. Na su Reinier shiru, har yau. Ta kwance wani ƙyalle a kan teburinmu, ga fim, ga gahawa soyayya mai ƙyalli da ta fi ta kowa kyau.

"Maigida Evelio, abokinsa ne ya ɗauke su a bakin rafi, ranar da suka gasa alade. Hotonsa da nake da shi na baftisma ne kawai. Ba ni da shi da gemu."

Nereida ta kalli mijinta. Ni ma na kalle shi. Ya juya fim ɗin a hannu, ya shinshina gahawar.

"Dawo jibi, 'yar'uwa. Za ki ga ɗanki."

Ta ga ɗanta kuwa. Yana tsaye a cikin ruwa zuwa gwiwa, ba riga, yana dariya da dukan bakinsa. Ofelia ta riƙe takardar da hannu biyu, ta kai ta hanci.

"Har ƙanshin gida yake yi," ta ce. Ta so ta sumbaci hannun Evelio, ya janye yana cewa haba, haba.

Ta sa hoton a firam ta rataye a inda rana ke shigowa da safe, don ta riƙa ganinsa da ta buɗe ido.

Kafin damina ta fita aka fara magana. Matar mai burodi ta ce hoton mijinta ya yi wani tabo ja a goshi. Evelio ya ce danshi ne. Mai aski ya ce ƙaninsa yana komawa baƙi kamar an bar shi a tanda. Evelio ya ce hayaƙin taba ne. Sai na gidan kaza, sai na gidan kaza. Duk hotunan da ya yi daga baya suna rinewa, fari yana komawa toka, toka tana komawa kalar laka, fuskoki suna nutsewa a ciki. Aka ɗauko nagatif, wato fina-finan da aka wanke, don a sake bugawa, aka tarar su ma sun yi dabbare-dabbare, wasu sun manne da juna.

Ofelia ba ta yi hayaniya kamar sauran ba. Da hantsi ta shigo, muna tsince shinkafa, ta ajiye firam ɗin a kan tebur. Ana iya gane ruwa, ana iya gane kafaɗa. Inda fuska take babu komai sai wani duhu mai sheƙi.

Ta ɗaga kai ta dubi bangon falonmu. Yamilé da 'yarta suna nan a gindin mangwaro, fes, kamar jiya aka yi su.

"Naka ba su lalace ba."

"Su na fara yi," in ji Evelio. "Lokacin maganin yana da ƙarfinsa. Ban ɓoye komai ba, Ofelia, ki shiga ki duba."

"Ba sai na duba ba. Abu ɗaya zan tambaye ka. Ranar da na kawo maka, ka san maganin ya mutu?"

Nereida ta sunkuyar da kai cikin faranti.

"Na yi zaton zai riƙe," in ji Evelio.

"Ka yi zato." Ta gyaɗa kai a hankali. "Da ka ce mini in jira, da na jira. Jira ai shi ne aikina yanzu. Da yana nan cikin ƙyalle, ban gan shi ba, amma yana nan."

"Zafi zai cinye shi ko da..."

"Da zafi ne ya cinye, ba kai ba."

Ta juya za ta fita. Nereida ta bi ta da firam ɗin, ta ce, "Ƙawata, kin manta."

"Bar masa. Ya rataye kusa da nasa."

Garin bai yarda da zancen wai nasa ya fara yi ba. Aka ce ya ɓoye mai kyau don 'yarsa da ta tafi a jirgin sama, ya wanke na 'ya'yan talakawa da ruwan gishiri. Aka ce gahawar ma rabi yake zubawa, rabi mu shanye. Wannan ta fi ƙona wa Nereida rai, ita da ta koma shan ruwan ganyen lemo tun da aka fara. A layin kantin rabo mata suka daina tsayawa kusa da mu. Masu kawo mini ɗinki suka ragu. Nereida ta sauke hotunan Yamilé daga bango ta sa a ƙarƙashin katifa, don duk wanda ya wuce ta taga sai ya leƙa ya yi tsaki.

Ba mu san wanda ya kai ƙara ba. Wata safiya wasu mutum biyu masu rigar aiki suka zo daga babban gari suna tambayar inda mai hoto ke samun gahawa tsantsa. Suka shiga ɗakin duhu suka tarar da tulin dusarta a bokiti. Suka kwashe na'urar buga hoto da kyamarorinsa da sauran takarda, suka ce shaida ce. Evelio bai ambaci sunan kowa ba, wannan kam na shaida. Amma ba sai ya ambata ba. Sun bi gida-gida, duk inda suka ga hoto mai ruwan ƙasa sun san an saci gahawa. Wasu aka ci su tara, wanmu aka rage masa gona. Ofelia, da yake a rumbun take aiki, ita aka kora. A gidanta ba su ga hoto ba, sai ƙusa a bango, amma maƙwabta sun riga sun faɗa.

Bayan wannan Evelio bai ƙara zuwa domino ba. Yana zama a tsakar gida a kan kujera mai lilo, hannuwansa a cinya. In na tsokane shi ba ya ramawa. Sau ɗaya ya ce mini, ba tare da na tambaya ba, "Da na bar su a gwangwani, da har yanzu ni mutumin kirki ne." Na ce masa ya ci abincinsa yana hucewa. Ban san abin da zan ce ba, don ni ma ina ganin da laifinsa, kuma ina ganin babu wanda ya yi wa garin nan ƙoƙarin da ya yi.

Shekara biyu ya ƙara a duniya. Ciwon zuciya ne, a kujerar. Mutane kaɗan suka zo jana'iza, Bárbaro da mai aski da 'yan tsofaffi. Daga baya Yamilé ta aiko wa uwarta takardun tafiya, Nereida ta bi ta, ta bar ni da gidan. Ɗakin duhu na sa alade a ciki, don a waje sace shi za a yi.

Ofelia ta koma wankau da sayar da soyayyar ayaba a tasha. Shekaru muna haɗuwa a hanya, ta kau da kai in kau da kai. Bara, ina dawowa daga asibiti, na same ta zaune a kan dakalin coci, ta tsufa ƙwarai. Ta kira sunana, na tsaya.

"Migdalia, ke kin san Reinier tun yana yaro. Kin ɗinka masa rigar makaranta."

"Na ɗinka masa, har sau nawa."

"Giɓin nan nasa, a haƙoran sama yake ko na ƙasa?"

Na ce, "A sama," da sauri, don kar ta ga ina tunani.

"Haka nake gani," ta ce. "Amma ƙanwata ta rantse a ƙasa yake. Mun yi faɗa a kai har ba ma magana."

Na ce mata a sama ne, ta kwantar da hankalinta. Ta yi mini godiya, ta miƙo mini ayaba a takarda, ta ƙi karɓar komai. Na taho gida ina ta ƙoƙarin tuno bakin yaron, har na iso ƙofa ban tuno ba.